Ƙarashen Maganar Baba

Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma ko daga barci aka tashe ni aka ce wane darasi na fi so, zan ce haɗa jimloli. Yara kan zo mini da rubutu guntu-guntu kamar yankan albasa: Na tashi. Na yi wanka. Na makara. An hukunta ni. Aikina shi ne in nuna musu ƙananan kalmomin nan da ake ɗinke maganar Turanci da su, su *and* da *but* da *because* da *although*, wato dai namu “kuma” da “amma” da “domin” da “ko da yake”. Nakan ce musu kowa ya iya jero abin da ya faru, amma sai mai hankali ke iya faɗin yadda wannan ya jawo wancan. Sukan rubuta maganar a bangon littafinsu, ni kuma kaina ya yi ta girma.

Ina da tsarin aikina, ba na kuma ɓoye cewa ina taƙama da shi. In tayar da yaro, in ba shi rabin jimla, shi ya kawo ƙarashen. A raina nakan ƙirga uku. Idan bai kawo ba in kawo masa, ya maimaita, ya zauna, mu wuce kan na gaba. Yara hamsin da biyu ne a ajin, darasin kuwa minti arba'in, wa ke da lokacin jiran mai in-ina? Da wannan ƙirga ukun nake gama manhaja kafin kowa, har shugaban makaranta yakan buga misali da ni a taro, abin da ya jawo mini baƙin jini a ɗakin malamai, ban kuwa damu ba. Maigidana yakan ce tun da ya aure ni bai ƙara jin ƙarshen labarinsa daga bakinsa ba. Ni dai dariya nake yi, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mahaifina mai gyaran keken ɗinki ne. Wata safiya wani tela ya je karɓar kekensa ya sami Baba zube a ƙasa tsakanin benci da tebur, bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi motsi. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kwana tara bai ce uffan ba. A rana ta goma ya dube ni ya ce, “Malama.” Sunan da yake kira na da shi ke nan tun ina 'yar shekara biyar, lokacin da nake jera kwarkwaron zare a ƙasan teburinsa ina koya musu karatu ina dukan waɗanda suka mirgina. Na fita baranda na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Maganar ta dawo, amma ba duka ba. Ciwon ya bar masa manyan kalmomi, ya kwashe ƙananan. Sai ya ce, “Ruwa… sanyi…” ya tsaya. Ko ya ce, “Ƙafa… bargo…” ya tsaya, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa na neman abin da ya ɓace masa a rufin ɗakin. Na ga abin da ya rasa, na ga kuwa hajar da nake sayarwa ce. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Kafin ya gama wahala sai in ce, “Ruwan ya yi sanyi, saboda haka a ɗumama maka, ko?” In juya wurin nas in ba ta umarni. Cikin mako guda na zama tafintan gado na shida. Likita ya zo zagaye ni yake kallo, 'yan dubiya ni suke tambaya me ya ce. Matar mai gado na bakwai har cewa ta yi, “Kowa ya haifi irinki ya huta.” Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata.

Ranar Litinin likita ya ce za a sallame shi ranar Asabar, sai a san inda za a kai shi. Ni a wurina wannan ba tambaya ba ce. Baba yana zaune ne a ɗakuna biyu na bayan shagonsa, shi da ƙanwarsa, gwaggona, wadda ta dawo wurinsa bayan rasuwar mijinta. Banɗakinsu a tsakar gida yake, akwai kuma matakala uku kafin a shiga ɗaki. Ni kuwa ina da ɗaki a ƙasa, kusa da falo. Tun kafin likita ya yi magana na kwashe littattafaina daga ciki, na sa an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, na sayi katifa mai tauri da labule shuɗi. Tun rasuwar mahaifiyarmu nake son in ɗauko shi yana ƙi, ga shi yanzu dama ta samu. Ina so in riƙe ubana a gidana, in ga cinsa da shansa da idona. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ba.

Duk da haka na tambaye shi, don kada a ce ban tambaya ba. Na zauna bakin gadon na ce, “Baba, ranar Asabar gidana za mu wuce.”

Ya daɗe yana kallona. “Gidanki…” Ya haɗiyi yawu. “Kyau… Ni…”

“Kai ma ka fi son can, ko? Na sani. Shi ke nan, ka huta, kada ka wahalar da kanka.”

Ya rufe ido. Na ɗauki wannan a matsayin amincewa, na shiga buga wa dangi waya. Gwaggo tana kan kujerar roba a gefe tana ninke tawul. Irin mutanen nan ce da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun gyara ɗankwali tukuna. Sai da na gama waya ta uku ta ce, “Shi ya ce?”

“Ba a gabanki aka yi ba, Gwaggo?”

“A gabana aka yi,” in ji ta, ta ci gaba da ninkinta.

Washegari na yi karo da likitar magana. Wata 'yar siririya ce mai tabarau, wadda da a makarantarmu ta yi da ta bi ta hannuna. Takan zo da hotuna a kwali, ta nuna wa Baba ta ce ya faɗi abin da ya gani. Ta ɗaga hoton wani mutum da lema a cikin ruwan sama. Baba ya ce, “Mutum… lema…” Ya tsaya. Na ƙirga uku ban ma san na ƙirga ba.

Na ce, “Ya riƙe lema domin ana ruwa.”

Yarinyar ta ajiye kwalin. “Anti, don Allah ki bar shi ya nemo da kansa. Idan kullum ana miƙo masa, ƙwaƙwalwar ba za ta tashi ta nema ba.”

“Ba kya ganin yadda yake shan wuya?”

“Ina gani. Wuyar ita ce maganin.” Ta gyara tabarau, cikin ladabi ƙwarai ta ƙara da cewa, “Ko za ki ɗan jira mu a waje?”

Ni da nake korar yara daga aji, yau ni aka kora. Na tsaya a baranda ina kallon masu goge ƙasa, ina tsara amsoshin da ya kamata in ba ta. Na gaya wa kaina karatun littafi ne kawai ke ɗibarta, ba ta san zafin ganin uba yana kokawa da harshensa ba. Wannan ɓangaren gaskiya ne, domin duk lokacin da ya maƙale ji nake kamar ni aka shaƙe. Abin da ban gaya wa kaina ba shi ne, idan na ƙarasa masa, ni ce nake samun sauƙi.

Ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta na je shago in haɗa masa kaya. Gwaggo ta buɗe mini. Ƙamshin man keke ya tare ni tun daga ƙofa. Komai na nan inda ya bar shi: kawunan kekuna guda bakwai a jere kan kanta, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya mai sunan mai shi, gwangwanayen madara cike da kusoshi da allurai, bel-bel na fata rataye a ƙusa, tabaransa mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare. A kan tebur akwai wani keke a buɗe, hanjinsa a shimfiɗe kan tsumma.

Na tuna yadda yake aiki. In aka kawo masa keke ba ya taɓa sukundireba a ranar farko. Sai ya sa ƙyalle, ya taka feda a hankali, ya karkata kai yana saurare. Mai keken ya yi ta bayani, allura ce, zare ne yake tsinkewa, shi dai bai ce komai ba. Yakan ce mai keke zato yake yi, keken ne ya san ciwonsa, in ka bar shi ya yi ta tafiya zai faɗa. Ina yarinya abin yakan ba ni haushi, in ga kamar ɓata lokaci ne kawai.

Gwaggo ta nuna keken da ke buɗe. “Na wata mai ɗinkin labule ne. Ya ce kada a bari kowa ya taɓa. Ya ce ƙaramar kusar tana cikin gwangwanin da ba shi da murfi, kuma in matar ta zo a ba ta haƙuri, ba allurar ba ce, haƙoran ƙasa masu jan ƙyalle ne suka cinye.”

Na saki jakar da ke hannuna. “Wa ya ce?”

“Yaya.”

“Duk wannan? Yaushe?”

“Jiya da hantsi, kina makaranta. Ya ɗan ɗauki lokaci. Har shayina ya huce.”

Na yi murmushi, na ce a raina tsohuwa ta fara ƙirƙira. Mutumin da ba ya iya haɗa kalma uku zai yi wannan dogon jawabi? Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na Gwaggo. Amma kafin in fita na leƙa gwangwanin da ba shi da murfi. Kusar na ciki, ita kaɗai, naɗe a 'yar takarda. Na mayar da ita.

Na ce, “To, ya ce miki wani abu game da ranar Asabar?”

Ta ɗauki tsintsiya ta fara share ƙasan benci. “'Yar nan, bakinsa na nan a jikinsa. Ni ba na riga malam masallaci.”

Na kwashi rigunansa da carbinsa da rediyonsa na tafi, raina a jagule. Na kai su sabon ɗakin na jera a durowa, na ja labulen na sake buɗewa, na zauna kan katifar in ji taurinta. Maigidana ya leƙo ya ce, “Ɗaki ya yi kyau. Allah dai ya sa…” Na ce, “Amin, zai ji daɗinsa.” Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya koma falo.

Ranar Juma'a ina da 'yan aji uku, darasin *although*. Na bi layi kamar kullum har na zo kan wata yarinya da ke zama kusa da taga, mai shiru-shiru, ba ta cikin masu ƙoƙari ba ta kuma cikin masu damuna. Na ce ta ba ni jimla tata ta kanta. Ta miƙe, ta fara da Turanci, “Ko da yake mahaifiyata ba ta da lafiya…” Ta tsaya, tana murza gefen tebur da yatsa.

Ɗaya, biyu, uku. “…na zo makaranta. Da kyau. Maimaita.”

Ta maimaita. Ta zauna. Na riga na kira na gaba lokacin da na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, da Hausa, “Ba haka zan ce ba, Malama.”

Ba rashin kunya ba ne, ko kallona ba ta yi. Na juyo zan ce to me za ki ce, sai aka kaɗa ƙararrawa, aji ya rikice da jan kujeru, ta bi ayari ta fita. Na tsaya da alli a hannu. Shekara ashirin da biyu, yara hamsin-hamsin. Na fara lissafin yawan jimlolin da aka maimaita mini a ɗakin nan waɗanda nawa ne ba nasu ba, sai na ga lissafin ba zai yi mini daɗi ba, na bari. Har yau ban san abin da yarinyar ta so ta ce game da mahaifiyarta ba.

Ranar Asabar muka isa asibiti da wuri. Maigidana ya tsaya neman wurin ajiye mota, ni na wuce ciki. An ja labulen gado na shida rabi. Na hango Gwaggo zaune, hannuwanta a cinya, tana kallon ƙasa kamar mai jiran mota a tasha. Baba yana magana. Na tsaya bayan labulen.

“Tagar… shago…” Shiru. Fanka tana juyi, wani yana tari a gado na biyu. Na ƙirga uku, na ƙirga goma, na kai talatin. Gwaggo ko motsi. “…a buɗe ta… kullum…” Wani shirun, wanda ya fi na farko. “…don kada… kekuna… su yi tsatsa.”

“To, Yaya,” in ji Gwaggo.

“Don kada” ya ce. Da bakinsa, ba wanda ya miƙo masa. Ashe ƙananan kalmomin ba su ɓace ba, nesa suka koma, kuma yana iya zuwa ya ɗauko su in an bar shi ya je. Sati uku ina tare masa hanya. Kunya ta rufe ni, tare da wani tsoro, domin na tuna akwai wata magana da ya fara ranar Litinin wadda ta tsaya a kan “ni”.

Zan iya yin kamar ban ji komai ba. Mota na waje, takardar sallama na hannun nas, ɗaki na jira. In na shiga da fara'a da hanzari na ce a tashi, ba wanda zai hana ni, shi kuwa kafin ya haɗa kalma biyu mun kai gida. Na yi wannan tunanin, ba zan ce ban yi ba.

Na ɗaga labulen na gaishe su. Na jawo kujera na zauna, na tura tafukan hannuna ƙarƙashin cinyata na danne.

“Baba, ran nan ka fara magana a kan gidana, na katse ka. Ka faɗa. Ina ji.”

Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya sake dubana, kamar bai yarda ba. Sannan ya gyara kwanciya.

“Gidanki… da kyau.”

Na gyaɗa kai.

“Ke ma… kina da… kirki.” Ya numfasa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Leɓensa ya yi ta rawa a kan wata kalma, ta zo ta koma, ta zo ta koma. Na san ta, tana kan harshena, na cije shi har na ji ɗanɗanon jini.

“Amma,” ya ce.

Nas ta zo da takarda, Gwaggo ta ɗaga mata hannu, ta juya ta tafi.

“Ba zan… zo ba.”

Na ji kamar an zare mini wani abu daga ƙirji. Na ƙara danne hannuwana.

“Domin…”

Nan ya fi daɗewa. Ya nemi maganar a rufin ɗaki, ya neme ta a kan bargo, hannunsa mai lafiya yana damƙar zanen gado yana saki. Ina da dalilai goma a shirye da zan iya ba shi ya zaɓa: kunyar zama gidan suruki, hayaniyar jikoki, kewar shago, kada a bar Gwaggo ita kaɗai. Kowanne da sauƙin ji, kowanne zai bar ni da mutuncina. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

“Ke… kina sauri.” Ya huta. “Kina… ƙarasa mini.” Ya sake hutawa, idonsa cikin nawa, babu fushi a ciki ko kaɗan. “In na zo… bakina… zai mutu.”

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini zafi irin wannan ba, kuma na juya ta ta kowane gefe ban sami ƙarya a cikinta ba. Gwaggo ta tashi a hankali ta fara zuba kofinsa da magungunansa a cikin jakarta, ba tawa ba. Ina kallo, ban hana ta ba.

Na zaro hannuwana, sun yi sanyi sun mutu. Na kama nasa mai lafiyar. Akwai abubuwa da yawa da nake so ya sani, game da ɗakin, da sati ukun nan, da abin da ya sa ba na iya jure ganinsa yana wahala.

Na ce, “Baba, ni fa…”

Sai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Na buɗe baki na rufe, na sake buɗewa, babu abin da ya fito. Ya riƙe hannuna, ya karkata kai yana jira. Bai ƙarasa mini ba.